Kofin da Na Karɓa a Ƙarƙashin Ƙasa

Fom biyu na kawo wa Baba daga jami'armu ta Doha. Na farko na zuwa Faransa ne, karatun mako uku. Na biyu na komawa can ne in yi wata shida, kuma shi ne abin da raina ke so tun da na fara karatun harkar otal. A cikin motar kamfanin da yake tuƙawa ya sa hannu a na farko, muna tsaye a ƙofar gidanmu a unguwar Mesaimeer. Na biyun ya ninke ya jefa a aljihun gaban mota.

"In kin dawo lafiya lau, sai mu duba wannan," in ji shi.

A mako na biyu a Faransa aka ce za a kai mu yawon buɗe ido na yini ɗaya, mu ga wasu koguna na ƙarƙashin ƙasa. Ni da ba na karanta takarda har ƙarshe, na rubuta sunana. Sai da bas ta shiga gonakin inabi na gane cewa rumbunan giyar nan mai kumfa ne, shamfen. Zama a mota ma bai yiwu ba, direba ya kulle ta ya tafi cin abinci.

Muka yi ta sauka matakala kamar ba za ta ƙare ba. Ƙasan da sanyi, bango fari fat kamar alli, ga warin tsami irin na kullun da ya kwana. Kwalabe ne dama da hagu, iya ganinka. Waya ba sabis, hanya kuma ɗaya ce, ba a komawa baya sai an ɓulla ta ɗaya ƙofar. Na tsani wurin, na kuma ji haushin kaina.

Wanda ya zagaya da mu wani dattijo ne mai furfura, ya girmi Baba nesa. Aikinsa tun yana saurayi shi ne juya kwalabe da hannu, kaɗan-kaɗan kullum, don dattin ciki ya taru a wuya. Ya nuna mana, yatsunsa duk sun karkace. Gaskiya ya burge ni, har na yi masa tambaya, kuma ina jin abin da ya ja mini ke nan.

A ɗaki na ƙarshe ya buɗe kwalba, ya zuba, ya nufo ni da kofin farko riƙe da hannu biyu. 'Yan ajinmu Larabawa, da aka zo kansu, kai kawai suka girgiza, ba wanda ya ji komai. Ni kuwa a gidanmu babba ba ya miƙo abu ka bar hannunsa a sama. Kafin in yi tunani na rusuna na karɓa da dama, har da godiya.

Haka na tsaya da shi. Sha dai ba zan yi ba. Teburin yana bayan dattijon, zubarwa a gabansa kuma cin fuska ne. Kumfar tana ta tashi, sanyin kofin ya kama mini yatsu, shi kuma yana kallona yana murmushi, yana jiran in ɗanɗana aikin hannunsa. Kuka kawai nake so in yi. A daidai nan malamarmu ta ce mu matso, aka ɗauki hoto. A bakin ƙofar fita na samu na ajiye kofin a cike.

Hoton ya riga ni isa Doha. Daga guruf ɗin ajinmu ya shiga na iyaye, daga nan wani ya nuna wa Baba bayan sallar Juma'a, a inda Hausawa ke tsayawa gaisawa.

Ranar da na dawo, bai yi maganar a filin jirgi ba. Sai da cunkoso ya tsayar da mu wajen Mushairib ya miƙo mini wayarsa. Ga ni nan da hijabina, kofi a hannu.

"Kin sha?"

"Wallahi ban sha ba, Baba."

"To me ya kai shi hannunki?"

"Dattijo ne ya miƙo mini."

Ya karɓi wayarsa ya ajiye. Ya san shi da kansa ne ya koya mini kada in bar hannun babba a sama.

"Na yarda da ke," ya ce a hankali. "Amma su ba su ga dattijon ba."

Na baya suka danna oda, ya ja mota.

Ban sake tambayarsa fom na biyun ba, shi ma bai tayar da zancen ba, har ranar rufe karɓa ta wuce. Bayan na gama jami'a, wata rana ya ce in ɗauko masa tabarau a aljihun motar. Fom ɗin yana nan a ninke. Na buɗe, sai na ga sa hannunsa a ƙasa, da kwanan watan ranar da ya raka ni filin jirgi zan tafi Faransa.