Muryar Yaya Hadiza a Katin Salula

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Hadiza, wadda mutanen Yekuwa suka fi sani da Madam. Masassarar ƙarshen damina ce. Aka ɗora ta a amalanke za a kai ta likita, ba a isa ba. Ta bar jaririya ƴar wata biyar, Nafisa. Ranar sadakar bakwai aka miƙo mini ita, na taho da ita Guci. Ban yi kuka a lokacin ba, har yau kuma kukan bai zo ba. Na daina jiransa.

Ƴan ajin farko take karantarwa, a rumfar kara da iyaye ke kafawa bayan an cire amfanin gona. Yaran da ba su taɓa jin Faransanci ba sai a rediyo, su za ta koya wa "nawa" da "tawa" na Nasara. Littafi ya ce a ɗaga kaye, wato littafin rubutu, a ce "mon cahier". To, rabin ajin ba su da kayen. Sai ta ajiye littafin, ta ce kowa ya kama abin da Allah ya ba shi: hanci, "mon nez"; hannu, "ma main"; idanu, "mes yeux". Wannan dai, in ji ta, ba wanda zai ce ya manto shi a gida. Harafin nan "u" mai karya harshen Bahaushe kuwa, takan sa su tsuke baki kamar mai hura wuta a murhu, sannan su ce "i". Nakan yi mata tsiya cewa ta mai da ƴaƴan mutane zugazugai.

Wata shekara aka turo sababbin malaman kwantiragi, su kansu bakinsu bai faɗa da Faransancin ba. Ɗayansu ya roƙe ta ta ɗauki darasin a salula. Minti goma sha ɗaya ne. Daga kati zuwa kati ya bi ƙauyukan Dungas da Magariya, yawancin masu kunna shi yau ba su san sunan mai muryar ba. Ni ma ina da shi, amma na yi shekaru ban taɓa kunnawa ba.

Nafisa ta tashi tana ce mini Inna. Haka muke yi, ba a gaya wa yaro maraicinsa tun yana ƙarami, kuma ba wanda ke sa ranar gaya masa. Mahaifinta ya bar mini zaɓi. Ni ban haihu ba, kuma gaskiya jinkirin ya yi mini daɗi. Ina tsoron ranar da za ta dube ni ta ga ƙanwar uwa kawai.

Bana ta shiga lekwal, makarantar boko. Wata Laraba ina tankaɗe, ta dawo ta tsaya a bakin ɗaki, ta kama hanci ta ce "mon nez", ta ɗan ja ƙarshen kalmar da wata gajeriyar dariya da ba tata ba. Ashe mushensu, wato malaminsu, yana kunna musu katin kowace safiya. Na ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare. Wata biyu yarinyar nan tana kwaikwayon uwarta a tsakar gidana, ni ina ce mata ta yi ƙoƙari.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta leƙo. Rumfar tana nan ta kara, awaki na cin jikinta kamar da. Maganar da ake yi yanzu ta a fara karantar da yara da harshen gida, ina jin za ta yi na'am da ita. Shiruna ne ba za ta ɗauka ba. Mace ce da ba ta barin yaro ya maimaita abin da bai san ko mene ne ba.

Makon jiya na zaunar da Nafisa, na kunna nawa katin karon farko. Zakara na cara daga nesa, yara na amsawa. Na ce, "Wannan Madam ɗin ita ta haife ki. Yayata ce. Ta rasu kina goye." Na shirya wa kuka, na shirya wa ta tashi ta bar ni. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta saurara har ƙarshe, ta ce a maimaita. Sannan ta ce, "Inna, ita ba ta jin Hausa ne?"

Na ce tana ji mana, tsoro ta yi kada katin ya faɗa hannun ensifekta mai duba makarantu ya ji Hausa a aji, shi ya sa ba ta saka ko kalma ɗaya ba.

"To yaya take magana in tana Hausa?"

Na buɗe baki in kwaikwaya mata. Ɗaki ɗaya muka tashi da Yaya, ta yi mini faɗa, ta yi mini waƙar niƙa. Na laluba ban samu ba. Kalmomin suna nan, muryar babu. Duk inda na taɓa, sai Faransancin da muka gama ji ya fito.

Allah ya jiƙan Yaya Hadiza. Abin da ya rage nata ke nan: minti goma sha ɗaya cikin harshen da ba ta taɓa yi mana magana da shi a gida ba, suna yawo a azuzuwan da ba ta taɓa shiga ba. Nafisa ba ta daina ce mini Inna ba. Jiya da safe kafin ta tafi lekwal ta tambaye ni ko na tuna, na ce tukuna.