Gamba a Ofishin Shige da Fice

Idan na tuna shekarun mulkin farar hula na biyu, abin da ke fara zo mini shi ne ƙarar injin ban-ruwa a fadamar ƙauyenmu, kusa da Lambara, da warin ganyen albasa idan hantsi ya ɗaga. Sai in ga mutumin nan durƙushe gindin injin, hannuwansa baƙi ƙirin da mai, yana waƙa da harshen da ni kaɗai nake ji a garin.

Ɗan Gana ne, makanike. Wani kamfanin haƙa rijiyar burtsatse ya zo da shi Bodinga lokacin da kwangila ke ko'ina. Da aka shiga tsuke bakin aljihu, kamfanin ya kwashe kayansa ya tafi. Shi ya tsaya, don manoman albasa sun ji daɗin hannunsa. Ni kuwa na daɗe ina fataucin goro a Kumasi kafin in zarce Abijan, daga baya Jidda, saboda haka bayan la'asar yakan zo zaurena mu yi hira da harshen Asante. Yakan ba ni labarin ruwan saman kurmi, yadda yake wuni yana dukan ganyen ayaba. Nakan lumshe ido in ji kamar ina cikin rumfar goro, ganye na ɗiga, alhali a waje akuyoyi ne ke neman inuwa.

Muna da al'ada. Idan baƙo ya zauna aka ga halinsa, maigari kan yanka masa gona, ya zagaya iyakarta da ƙafa, ya dasa masa tushen gamba na farko da hannunsa. Sauran iyakar mai gona ke dasawa, ba mai taɓa masa. Daga ranar ba a sake ce masa baƙo. Haka aka yi wa makaniken, har gambarsa ta yi tsawon mutum.

Sai rediyo ya ce duk baƙon da ba shi da takardar zama da ta aiki ya bar ƙasar. Makaniken ya kawo mini tasa na duba. Izinin da sunan kamfanin aka ba shi, kamfanin kuma babu shi. Na san irin wannan. A Jidda zamana a hannun wani Balarabe yake, da ya rufe shago ni ma da na kama hanya. A Abijan katin zama ne cikin aljihu, wanda ɗan sanda ya fi sanin darajarsa. Na je na yi wa maigari bayani a hankali, bayan gaisuwa mai tsawo.

Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, “Alhaji, ka yi yawo har ka mance gida. Mutumin da nid dasa ma gamba da hannuna, wa ka iya ce mai baƙo?”

Na ce hukuma ba ta san gamba ba. Ya ce to sai a kai mata ta gani.

Washegari dattawa suka haƙo tushe guda daga iyakar gonar, da ƙasarsa, suka naɗe shi cikin jiƙaƙƙen buhu. Muka shiga motar albasa zuwa Sakkwato, ni ne tafinta. Har yau tafiyar nan kamar mafarki nake ganinta: manyan riguna na kaɗawa, maigari rungume da buhu a cinya, ganyen gamba na shafar rawaninsa, makaniken zaune a baya yana kallon gonaki suna wucewa.

A ofishin shige da fice muka tarar da layin mutane da ƙunshin kaya. Jami'in da muka samu ya miƙe ya gaida dattawa, ya sa aka kawo benci. Maigari ya ɗora buhun a kan tebur ya kwance. Ƙasa ta zubo kan takardu. Jami'in bai share ba, ya daɗe yana kallonta, ya ce shi ma ɗan manomi ne, ya san abin da aka kawo masa. Amma izinin aiki sai da kamfani mai rajista da zai tsaya wa mutum.

“To rubuta garinmu,” in ji maigari. “Mu munka ɗauke shi aiki.”

“Ranka ya daɗe, gari ba kamfani ba ne.”

Wani dattijo ya juyo ya tambaye ni ko ya ji daidai, wato kamfanin da ya gudu ya bar ramuka ya fi garin da ke nan tun kakanni. Na ce a takarda haka ne. Jami'in da kansa ya ɗaure buhun, ya raka mu har bakin ƙofa.

Muka kamo hanyar dawowa har muka wuce Bodinga. Nan makaniken ya matso ya ce mini da harshensu yana so a bar masa tushen. Na faɗa wa maigari, ya miƙa masa da hannu biyu.

Ranar tafiyarsa ya zagaya injinan fadama ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure abin da ya kwance, sannan ya hau babbar mota da akwatin ƙarfe da buhun nan. Na san a kan iyaka sukan ƙwace shuka mai ƙasa, na sha gani da idona. Ban gaya masa ba.

Maigari ya ba wani aron gonar, da sharaɗin ya tashi duk ranar da mai ita ya dawo. Maigarin ya rasu, ɗansa ya gaje shi, sharaɗin yana nan. Bara na bi ta wajen da sandata. Gamba ta kewaye gonar, iska na kwantar da ita tana tashi, sai gurbin nan guda ta gabas inda aka haƙo tushen. Ɗan mai aron ya ce awaki na shiga ta nan su yi masa ɓarna, amma ba zai dasa ba, iyakar ba tasa ba ce.