Famfon da na aro a jirgin mutumin Gammo

Ni ɗan Madadi ne, a ƙasar Gwarzo. Ban taɓa ganin ruwan da ya fi na dam ba sai da na shiga sojan ruwa. Karatuna bai yi nisa ba, don haka ɗakin inji aka tura ni, a jirgin da ke kai wa jiragen yaƙi mai da ruwan sha da abinci a tsakiyar teku.

Jiragen kai kayan biyu ne iri ɗaya. Kwance aka sayo su daga waje, bayan masu su sun gama cin moriyarsu, har kamfanin ya daina ƙera kayan gyaransu sai an yi oda. Namu yana fita, ɗayan kuma yana ɗaure a tasha yana jiran kaya. Duk abin da ya lalace mana sai mu haura can mu kwance. Aro muke kiran wannan.

Mai kula da injin wancan jirgi mutumin Gammo ne, ta Kabo. Ya girme ni, shi ya karɓe ni a Legas, a kwanonsa na fara cin tuwo a can. Ritayarsa ta matso, kuma ba za a ƙara masa igiya ba sai jirginsa ya koma teku. Shi ya sa ya hana kowa taɓa injin, yana ta harhaɗa shi da hannunsa kafin masu duba jirage su zo.

Da famfon da ke sanyaya injinmu ya mutu, ogana ya ce ni zan je, tunda mai kula da injin can ɗan yankinmu ne.

"Na Madadi, ziyara ce ko kwance?" in ji mutumin Gammo da ya gan ni.

"Aro ne, Yaya. Da sabo ya iso zan dawo da shi."

"Ku mutanen Gwarzo, ko allura kuka ara sai an kai ku gaban dagaci."

Ya yi dariya, ya kwance famfon da kansa, har ya taya ni ɗauka.

Sabon famfo ya iso da sauran lokaci. Na buɗe akwatin, na rufe, na tura shi ƙuryar sito. Na taɓa ganin inji ya tsaya a tsakiyar teku, na fi son in kwana da biyu. Ba wanda ya sa ni. Kullum muna haɗuwa a masallaci, yana tambayata mutanen gida, bai taɓa ambaton famfo ba, ni kuwa na fake da shirunsa.

Masu duba suka zo, injinsa bai tashi ba, aka yanke cewa jirgin ya gama aiki. 'Yan gwangwan suka yanyanka shi. Yaya ya dawo gida da igiyar da yake da ita. Namu ma bai daɗe ba ya bi sahu, sabon famfon yana cikin akwatinsa, ko man jikinsa ba a goge ba.

Bara na hau babur na je Gammo. Na same shi a gindin darbejiya yana gyara injin ban-ruwa na masu noman rani. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo. Sannan na ce, "Yaya, famfon nan ya iso tun kafin a zo duba."

"Na sani. Ina tsaye aka sauke akwatin."

"Me ya hana ka yi magana?"

"In bi ƙanena in ce ya ba ni abina? Da wane bakin? Jira na yi ka kawo."

Na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya, idonsa na kan injin. Ya sa aka kawo min ruwa, na sha. Da na miƙe, ya ce in gaida mutanen Madadi. A Legas ko bakin tasha zan je sai ya taka min. Ranar bai tashi ba.