Bututun Ƙarfe a Bangon Mai Ƙosai

Har yau ban manta da ranar da na mayar da bututun roba shago a Kawo ba. Ƙarshen shekarun tamanin ne, ban daɗe da karɓar lasisin ɗaura waya ba. Malam Sule, wani direba Bakatsine, ya ba ni aikin sa wuta a gidansa na Rafin Guza.

Ga wanda bai san aikin ba, wayar da ke saukowa daga falwaya zuwa mita da akwatin fis ita ke ɗauke da wutar gida duka, don haka a cikin bututu ake zura ta. Akwai na roba, mai sauƙin yanka, akwai na ƙarfe, wanda sai an lanƙwasa shi an yi masa haƙora. Na zaɓi roba, na ja layi da alli a bangon zaure ta waje.

Ina shirin fara aiki sai mahaifiyarsa, Hajiya Rabi, ta fito ta tsaya tana duban layin. Ta nuna bututun robar, ta tambaye ni ko abin nan yana jure wuta. Na ce ai don wuta aka yi shi.

Ta ce, "Ɗan nan, ba irin wutarka nake nufi ba. A gindin bangon nan nake tuyar ƙosai kullum da safe."

Sai a lokacin na lura da baƙin hayaƙin da ya hau bangon har kusa da indararo. Da na sa robar nan, da zafi ya narkar da ita a hankali, wata rana waya ta haɗu ƙarƙashin rufi. Malam Sule ya ce a sauya wa murhu wuri. Hajiya ta ce masu sayenta nan suka sani.

Washegari na mayar da na robar shago, na kawo na ƙarfe mai faɗi, na kauce da shi kamu huɗu daga murhun, na haɗa masa wayar ƙasa mai janye wuta idan ta taɓa ƙarfen. Kwana biyu aikin ya ci maimakon yini. Jami'in hukumar lantarki da ya zo dubawa ya ƙwanƙwasa shi da makulli, ya sa hannu a takardar amincewa. Hajiya kuwa ta cika mini takarda da ƙosai.

Tun daga nan, duk gidan da na shiga, kafin in ciro tef ɗin awo sai na tambayi matan gidan me ake yi a gindin kowane bango. Mai gida ya san gininsa, su kuwa su ke yini a cikinsa.