Bara da Bara Waccan

A 'Yankuzo, idan an gama kaka, kakarmu Inna Delu takan tara mu bakin murhu bayan an ci tuwo. Tana gasa gyaɗa cikin toka, kuma ba ta ba kowa sai ta gama tatsuniya, don da gyaɗar take lissafi.

"Ga ta nan tafe, ku buɗe mata hanya," in ji ta. Mu ce ta shigo.

Wadda na fi tunawa ta wata gwauruwa ce da fari ya cinye mata komai. Maƙwabciyarta ta ba ta 'yar akuya. Akuyar tana da sharaɗi: duk shekara mace ɗaya take haifa, kuma 'yar sai ta yi shekara cur tana girma kafin ita ma ta fara.

Inna ta ajiye gyaɗa ɗaya a ƙasa. "Shekarar farko ke nan." Ta ajiye wata ɗaya a gefe. "Ta biyu. Akuya ta girma, ba ta haihu ba. Mutanen gari suka ce, ke baiwar Allah, yanka abin nan ki sha romo."

Matar ta ƙi. Shekara ta uku suka zama biyu. Daga nan uku, biyar, takwas, sha uku, har garke ya cika. Inna ba ta ƙirga awakin ɗaya-ɗaya. Takan haɗa tulin gyaɗa biyu na ƙarshe ta fitar da sabo, tana cewa, "Bara da bara waccan, su ka haihuwar bana."

Wani dare yayana Bello ya sace gyaɗar shekara ta biyu ya jefa baki. Inna ta kwashe sauran duka ta zuba a zaninta.

"To, sarkin kwaɗayi ya cinye uwar garke. Ku tashi, babu sauran awaki."

Muka yi ta roƙo har ta huce. A ranar ce na tambaye ta, "Inna, to mi matar ta ci a shekara ta biyu?"

Ta daɗe tana tona toka. "Tafasa, ɗiyata. Tafasa ba gishiri. Ita dai tatsuniya ba ta son tsayawa nan."

Inna ta rasu tun ina amarya. Bara 'yan bindiga suka tare mijina, Malam Sani, a gona, ba su bar shi da rai ba. Suka kore awakinmu duka, sai wata ƙarama da ta maƙale bayan rumbu. Da ita na shigo mota zuwa Gusau, ni da 'ya'yana uku. Yanzu muna ɗaki guda a gidan wani ɗan'uwa, akuyar tana ɗaure bakin ƙofa. Ta girma, ba ta haihu ba.

Kwanakin baya babbar 'yata Rabi ta dawo daga makaranta tana karanta wasu lambobi da ka: ɗaya, ɗaya, biyu, uku, biyar, takwas. Na ajiye tsintsiya. Ta ce malaminsu ya gaya musu masana sun daɗe da sanin jerin nan, ana ganinsa a layukan idon abarba, da yadda wasu itatuwa ke fitar da rassa, da furen kuɓewa mai ganye biyar. Na ce mata sha uku ke biye. Ta dube ni, ni kuma na ɗauki tsintsiyata na ci gaba da shara.

Jiya hatsinmu ya ƙare. Mai gidan da muke zaune ya ce, "Yaya Hajara, ki kai akuyar nan kasuwa mana. Yaran nan fa sun rame." Gaskiya ya faɗa. Ƙaramin ba ya ma kuka yanzu, kallona kawai yake yi. In na sayar, za mu ci wata guda, daga nan ba bara, ba bara waccan, ba abin da zai haifi baɗi.

Da safe na kwance igiyar, na ja ta har bakin titi. Na tsaya ina jin numfashinta a ƙafata. Sai na juya da ita bayan unguwa, inda tafasa ta tsiro a wani kango. Ta sa baki tana ci, ni kuma ina tsinka ina zubawa a zanina. Gishiri dai, na roƙa wajen maƙwabta.