Takalmin da Na Manta a Ƙafata

Shekarar da siyasa ta shigo ƙauyenmu, can bayan Sheme, ina sabon magidanci, ga baki kamar reza. Aka aiko kowane gida ya ba da namiji ɗaya na aikin hanyar Daudawa, kwana goma, daidai lokacin maimai, gero na neman a cire masa ciyawa. A gidanmu ni kaɗai ne mai ƙarfin fartanya, Baba ya tsufa. Manoma suka turo ni in roƙi wakilin hakimi a ɗaga aikin zuwa kaka. Iyakar saƙon ke nan.

Daga gona na wuce ƙofar mai gari da sauri, inda wakili ke zaune da dattawa da jama'a, na durƙusa na fara bayani. Ashe takalmin fatar da nake sawa saboda ƙaya yana ƙafata. Wallahi mantuwa ce. Amma a lokacin, 'yan sabuwar jam'iyyar nan ta adawa su ne aka sani da ƙin tuɓe takalmi gaban manya.

Wakili bai ce uffan kan gero ba. Ya nuna ƙafata da sanda.

"Jama'a, ku diba. Ba zancen hanya muka taru yi ba. Tambaya guda ce: garin ga na masu biyayya ga iyaye ne, ko na ɗiyan zamani marasa kunya? Kowa shi hwaɗi inda shike."

Na ce, "Ranka shi daɗe, maimai nika magana."

"Ka ji su! Ana batun tarbiyya, shina batun ciyawa."

Aka yi dariya, har da waɗanda suka aiko ni. Wa zai miƙe ya ce shi ba ya bayan iyaye? Na nemi ta inda zan komo da zancen gona, na rasa. Raina ya ɓaci.

Sai Baba ya taso daga cikin dattawa, ya durƙusa a gabana, ya kama ƙafata ya zare takalmin da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. Bai dube ni ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau ban huce ba.

Washegari na tafi aikin hanya. Da na dawo na iske Baba duƙe a gona shi kaɗai, ya nome kunya bakwai cikin kwana goma, ciyawa ta shanye sauran.