Kwanon da Alhaji Sale ya rufe tsakar gida da shi

Har gobe ban manta da ranar da aka kawo mana Inna Habi daga Babban Mutum ba. Lokacin ni ce babbar ma'aikaciyar jinya a sashen masu ciwon suga, a nan Daura. Aikin kun san shi: a auna suga, a duba ƙafa, a wanke gyambo a ɗaure, sannan mutum ya ga likita.

Ɗanta Alhaji Sale, mai fataucin dabbobi, shi ya sauko da ita daga mota a hannu. Gyambo ne a tafin ƙafar dama, ƙafar ta kumbura har tana sheƙi. Tsohuwar nan kuwa ba ta wasa da magani, abin da aka hana ta ci ko kallonsa ba ta yi. Suga ya sauka daidai gwargwado, an ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, amma ciwo ya ƙi haɗewa. Rannan likitanmu ya ja ni gefe ya ce, "Sista, in ƙafar nan ba ta juyo ba, sai Katsina. Yankewa za a yi."

Wallahi na ji maganar nan har cikin raina.

Ina cikin yi mata wanki sai ta ce, "'Yar nan, ai ba ƙafar kaɗai ba ce. Ƙasusuwana duka ciwo suke. In na yi sujada, sai an kama ni nake tashi."

Na kai wa likita wannan magana, ya sa aka ɗebi jininta aka aika awon bitamin D. Ga wanda bai sani ba, jiki da kansa yake yin wannan sinadari idan rana ta taɓa fata. In ya yi ƙaranci a jikin mai ciwon suga, sau da yawa za ka tarar kumburi ya daɗe bai sauka ba, ciwo kuma yana jan ƙafa wajen warkewa. Sakamako ya dawo, nata ya yi ƙasa ƙwarai. Likita ya riƙe haɓa ya ce, "A ƙasar nan, da rana ke korar mutum inuwa tun hantsi?"

Na koma wurinta na ce, "Inna, ina kike zama da hantsi?"

Ta ce, "Ɗaki mana."

A hankali ta warware mini. Bara maigidanta ya rasu, ta shiga takaba. Tsofaffin gidan suka ce mai takaba ɗaki ne wurinta, ko da yake malamin unguwarsu ya ce addini bai hana ta tsakar gidanta ba. Tana fita takaba damina ta kama. Alhaji Sale ya ji an ce mai suga kada ya taka laka ko ƙaya, sai ya kawo kafinta aka rufe mata tsakar gida da kwano kaf, daga bakin ɗaki har zaure. Mutanen gari suna ta sa masa albarka. In za ta zo asibiti, daga zaure sai mota, cikin hijabi da safa. Kusan shekara rana ba ta taɓa fatarta ba.

Ni aka bar wa faɗa masa. Na ce, "Alhaji, za mu ba Inna ƙwayar bitamin D, maganin suga kuma yana nan yadda yake. Amma tana bukatar ranar safe a hannuwa da ƙwauri, a cikin gidanta, inda ba mai ganinta."

Sai ya ce, "Sista, ko tunkiya ba na barin ta a rufe ba ta ga rana ba. Amma ga shi uwata na rufe."

Washegari ya hau da kansa ya ɓalle kwanon, daidai inda take shimfiɗa tabarma.

Ba zan ce muku rana ce ta warkar da ita ba. Wanki, magani da abinci duk sun yi nasu. Kumburin dai ya fara sauka a hankali. Yatsu biyu sun riga sun mutu, su aka cire. Ƙafar ta tsira, kuma na gan ta da idona ta shigo sashenmu tana dogara sanda.

Ranar nan Alhaji Sale ya biyo ni har baranda, ya rage murya ya ce, "Tsakaninki da Allah, yatsun nan biyu, kwanona ne ya ci su?"

Na ce masa Allah ne masani, kuma iyakar gaskiyata ke nan. Ya ce ya gode, amma na ga bai samu abin da ya zo nema ba.

Shi ya sa nake ce muku, mutanenmu ba kullum sakaci ke cutar da marasa lafiyarsu ba, wani lokaci kulawar ce. Ku auna suga, ku duba ƙafa, sannan ku tambayi tsohuwa inda take zama da hantsi, tun yatsunta suna goma.